Ido Ba Mudu Ba Ne: Awon Ingancin Ruwan Koguna da Tafkuna daga Kano zuwa Tafkin Cadi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa ruwa kirari da "abokin aiki", ya kuma ce "ruwa ba ya tsami banza". Ko da yake akan kawo wannan karin magana a kan al'amuran zaman jama'a, tushenta lura ce da halin ruwa kansa, watau duk canjin da aka ji a bakinsa ko aka gani a fuskarsa akwai musabbabinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masana kimiyya suke awon ruwan koguna da tafkuna, da abin da kowane awo yake nunawa, ta kuma kwatanta shi da ma'aunin da Hausawa suka gada. Za a ɗauki misalai daga hanyar ruwa guda, wadda ta taso daga ƙasar Kano ta bi ta Haɗeja da Yobe har ta faɗa Tafkin Cadi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ido da harshe da hanci ma'aunai ne na gaskiya, amma suna da iyaka, kuma mafi haɗarin abubuwan da ke shiga ruwa a wannan zamani sun faɗa bayan wannan iyaka.

2.0 Ma'aunin da Aka Gada

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomin siffanta ruwa. Ta fuskar gani akwai ruwa garai-garai, da gurɓatacce, da wanda ya kwanta, da wanda gansakuka ko kainuwa ta rufe. Ta fuskar ɗanɗano akwai ruwan daɗi, da mai gardi, da ruwan zartsi, da mai bauri, da mai kanwa-kanwa. Ta fuskar shaƙa kuwa akwai mai ƙarni, da mai wari, da mai ɗoyi. Kowace kalma daga cikin waɗannan sakamakon awo ce, wanda mai ɗiban ruwa ko masunci ko makiyayi ya yi da gaɓoɓin jikinsa.

Ilimin fiƙihu ya ƙara wa wannan ma'auni ƙarfi. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ishmawi da Risala, sun sanya hukuncin ruwa a kan siffofi uku, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Muddin wani abu daga waje bai canza ɗaya daga cikinsu ba, ruwa yana nan a kan tsarkinsa. Malamai sun kuma togace canjin da mazaunin ruwan ya jawo, kamar laka ko ƙasa mai gishiri. Wannan togaciya tana da muhimmanci, domin ta bambanta halin ruwa na asali da abin da ya shigo masa daga baya, kuma a kan wannan bambanci ne awon zamani ma ya dogara.

Sai dai hukuncin fiƙihu amsa ce ga tambayar ibada, watau ko ruwan ya halatta a yi tsarki da shi. Tambayar ko jariri zai sha shi ya kwana lafiya, ko kifi zai rayu a cikinsa, ko latas ɗin da aka shayar da shi ya ciwu, wata tambaya ce dabam, kuma ita ce awon kimiyya yake ƙoƙarin amsawa.

3.0 Abubuwan da Ake Aunawa

3.1 Gurɓacewa ta Ido

Awo mafi sauƙi shi ne na hasken ruwa. A shekarar 1865 wani masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya gwada zura farin faifai a cikin Bahar Rum don ya ga zurfin da zai kai kafin ya ɓace wa ido. Har yau ana amfani da wannan dabara a tafkuna, da faifai mai faɗin santimita 20 wanda aka shafa wa fari da baƙi. Ruwan da faifai ya ɓace a cikinsa tun bai kai tsawon kamu ɗaya ba yana ɗauke da laka ko gansakuka mai yawa.

Amma launi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Kogin Kwara a wajen Kainji yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko, wadda ake kira farar ambaliya, ruwan daminar yankin ne, yana zuwa da laka har ya yi fari-fari. Ta biyu, watau baƙar ambaliya, ruwa ne da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya zubar da lakarsa a fadamun ƙasar Mali, sa'an nan ya iso a lokacin sanyi yana garai-garai. Duka biyun halin kogin ne na asali, ba wanda ya zama shaidar dafi a cikinsu.

3.2 Tsami da Kanwa

Awo na biyu shi ne wanda ake yi wa alama da haruffan pH, wanda wani masani ɗan Denmak, Sørensen, ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya yi ƙasa da ita ya karkata ga tsami, abin da ya haura ta kuwa ya karkata ga kanwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan sama yana wajen 5.6, jiƙon kanwa kuma yakan kai 10 ko fiye. Abin lura shi ne, tsakanin kowace lamba da mai bi mata ninki goma ne, saboda haka ruwan da ya sauka daga 7 zuwa 5 tsaminsa ya ninka sau ɗari. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta amince da abin da ke tsakanin 6.5 da 8.5. Muhimmancin wannan awo ya wuce ɗanɗano, domin ruwa mai tsami ya fi narkar da ƙarafa masu dafi daga laka da bututu.

3.3 Narkakkun Gishiri

Ruwa tsantsa da ƙyar yake ɗaukar wutar lantarki, amma gwargwadon gishirin da ya narke a cikinsa gwargwadon yadda yake ɗaukarta. Don haka ake tsoma wata 'yar na'ura a ruwa, a karanta ƙarfin wucewar lantarki, a ƙiyasta yawan gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ruwan da gishirinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 kuwa sai baki ya fara ƙin sa. Abin da Bahaushe ya kira zartsi ke nan, an ba shi lamba.

3.4 Iskar da ke Cikin Ruwa

Kifi yana numfashi da iskar oksijin da ta narke a ruwa, kuma kaɗan ce ƙwarai. A zafin digiri 20 na ma'aunin santigireti, lita ɗaya ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa sai abin ya sauka zuwa kimanin 7.6. Ke nan kogunan ƙasashe masu zafi da ƙaramin jari suke farawa. Yawancin kifaye suna buƙatar miligiram 5 ko fiye don su yi walwala. Hanyar auna wannan iska da sinadarai, wadda Lajos Winkler na ƙasar Hangari ya fito da ita a 1888, har yanzu da ita ake gwada sahihancin na'urorin zamani.

Abin da ke cinye iskar shi ne ruɓewa. Idan kashin mutane da na dabbobi da jinin mayanka da ragowar abinci suka shiga kogi, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan dukufa a kan cinsu, suna shaƙe iskar ruwan. Don auna wannan yunwar iska, akan cika kwalba da ruwan kogi, a auna iskarsa, a toshe, a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20, sa'an nan a sake aunawa. Ruwan kogi mai tsabta ba ya cinye fiye da miligiram 1 ko 2 a lita, ruwan kwatar gari kuwa yakan nemi ɗaruruwa. Wata hukumar bincike ta Ingila ce ta tsayar da kwana 5 a 1912, bisa yanayin kogunan ƙasarta. Ƙasar Indiya, saboda zafinta, ta amince da kwana 3 a digiri 27. Wannan ya nuna cewa ko ma'aunin kimiyya ma yana ɗauke da alamar ƙasar da aka haife shi.

A nan akwai wani tarko ga mai dogara da ido. Tarwaɗa da gaiwa suna da gaɓoɓin shaƙar iskar sarari, don haka suna rayuwa a ruwan da ya kashe giwan ruwa tuntuni. Ganin tarwaɗa a tafki bai isa shaidar lafiyarsa ba. Masuncin da ya lura cewa ire-iren kifin da yake kamawa sun ragu, saura masu jure wahala kaɗai, ya riga ya karanta sakamakon da kwalba za ta bayar.

3.5 Taki, Ƙarafa da Ƙwayoyin Cuta

Takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, da kumfar garin sabulu, suna kawo wa ruwa sinadaran naitirojin da fosfaras. Abin da ke sa gero ya yi kyau a gona shi ne ke sa gansakuka da kainuwa su mamaye tafki. Da rana sukan saki iska, da dare su shaƙe ta, in sun mutu kuma ruɓewarsu ta cinye saura. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi aukuwa da asuba.

Ƙarafa masu dafi su ne suka fi ɓuya. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa dalma a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, ta kuromiyom kuwa 0.05. A irin wannan ƙanƙanta babu launi, babu ɗanɗano, babu wari. Abin da dalma ke iya yi ya bayyana a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Ƙura da ƙasa ne manyan hanyoyin da dafin ya bi, amma darasin ya shafi ruwa, domin babu wanda ya gane musabbabin da ido sai da aka auna jinin yaran da ƙasar ƙauyukan.

Game da cututtuka irin su kwalara da taifot, ba a bin kowace ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya. Akan nemi wata ƙwaya da masana ke kira E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum da dabba ne. Samunta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100.

4.0 Jakara da Calawa

Kogunan Kano biyu sun isa misali a kan duk abin da ya gabata. Jakara tsohon suna ne a tarihin birnin, domin littafin Tarihin Kano ya ambaci kurmin da ke wurin da sunan Kurmin Baƙin Ruwa. A yau Jakara tana ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi, tana kwasar ruwan kwatocin unguwanni, ta haɗu da rafin Getsi wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan ta nufi arewa maso gabas zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A gaɓarta manoman rani suna shayar da latas da kabeji da karas da alayyafo, waɗanda ake kai wa kasuwannin birni. A kudu kuma ruwan masana'antun Sharaɗa da na Calawa yana gangarawa Kogin Calawa, wanda tun farkon shekarun 1930 ake ɗibar wa Kano ruwan famfo daga gare shi.

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, amma majemin gargajiya da bagaruwa da toka yake aiki. Majemar zamani tana adana fata da gishiri, ta cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sa'an nan ta jeme ta da gishirin kuromiyom. Kowane mataki yana barin sawunsa a awo: gishiri yana ɗaga wucewar lantarki, farar ƙasa tana ɗaga pH, tarkacen nama da gashi suna ƙara yunwar iska, kuromiyom kuma yana sauka ya kwanta a laka. Saboda wannan kwanciya, mai awon da ya ɗebi ruwan sama-sama kaɗai yana iya komawa da sakamako mai daɗin ji, alhali dafin yana ƙasa. Cikakken awo sai ya haɗa da lakar gindin kogi, da tsokar kifi, da ƙasar lambu, da ganyen da aka shuka a kanta.

5.0 Awo Ɗaya Ba Ya Isa

Kogi ba ya zama a hali guda. Da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai surka shi, kusan duk abin da ke gudana a Jakara ruwan kwata ne da na masana'antu, kuma a lokacin ne manomi ya fi buƙatarsa. Ruwan farko na damina yakan wanko dattin da ya taru wata da watanni ya zuba a kogi a dare ɗaya. A tsakiyar damina kuwa yawan ruwa yakan rage kaurin dafi a kowace lita, ko da yake jimillar abin da kogin ke ɗauka zuwa gaba ba lalle ta ragu ba. Haka nan iskar ruwa da asuba dabam take da ta la'asar. A madatsun ruwa masu zurfi, ruwan sama mai ɗumi yakan yi wa na ƙasa murfi a lokacin bazara har iskar na ƙasan ta ƙare, in sanyi ko guguwa ta juya su kuma kifi ya sha wahala.

Saboda haka sa ido a kan ruwa yana da sharuɗɗa. Ana tsayar da wuraren ɗiba, ɗaya a sama da inda ƙazanta ke shiga, wani a ƙasa da shi, don a bambanta halin kogi na asali da abin da ya shigo masa. Ana komawa wuraren nan a kan kari, rani da damina, shekara da shekaru. Zafi da iska da pH a bakin kogi ake auna su, domin suna canzawa a hanya. Samfurin ƙarafa akan ɗiga masa ruwan asid don kada su manne a jikin kwalba, na ƙwayoyin cuta kuma a sa shi a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin sa'o'i kaɗan. Sa'an nan a rubuta, a adana, domin lambar bana ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da ta bara.

6.0 Darasin Tafkin Cadi

Kogin Calawa yana haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ke ƙarewa a Tafkin Cadi. Rabon Yobe a ruwan tafkin kaɗan ne, domin kimanin kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawowa daga Shari da Logon yake zuwa, ta kudu.

Tafkin Cadi ba shi da mafita zuwa teku, kuma rana tana ɗauke masa ruwa mai zurfin fiye da mita 2 a kowace shekara. Bisa ƙa'ida irin wannan tafki ya kamata ya zama na gishiri, amma ruwansa na daɗi ne, mutane da dabbobi suna sha. Awon da masanan cibiyar ORSTOM ta Faransa suka yi shekara da shekaru, a shekarun 1960 da 1970, shi ya warware wannan mamaki. Sun nuna cewa gishirin ruwan yana ƙaruwa daga bakin Shari zuwa arewa, kuma wani ɓangare na ruwan mai kauri yana tsiyayewa ta cikin yashi zuwa ƙarƙashin ƙasa, yana tafiya da gishirinsa. Wani ɓangaren sinadaran kuma yana sauka a laka, ko ya shiga jikin tsirrai da ƙwanson katantanwa. A kwarurukan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa ya bushe, nan kanwa take fitowa. Ungurnun da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga wannan yanki take, watau gishirin da tafkin ya fitar ne ya zama hajar ciniki.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu a 1973, kuma saboda akwai awon da aka yi kafin farin, an iya gane yadda ruwan ya canza bayansa. Amfanin dogon awo ke nan. Ƙasashen Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya sun kafa Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, domin ruwan da ya ƙetare iyaka ba ƙasa ɗaya ke da alhakinsa ba.

7.0 Hukumomi da Matsalar Harshe

A Nijeriya an kafa hukumomin raya kwarin koguna a 1976, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. Bayan da aka gano sharar masana'antu mai guba da aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, daga baya kuma aka kafa NESREA a 2007. A matakin duniya, muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun nemi kowace ƙasa ta riƙa ba da rahoton abubuwa biyar a ruwanta: iskar oksijin, da gishiri, da naitirojin, da fosfaras, da pH. Taurarin ɗan'adam, tun daga Landsat na 1972, suna taimakawa wajen hango laka da gansakuka daga sama, amma ba sa ganin dalma ko ƙwayar cuta. Dole dai a je bakin kogi da kwalba.

Saura matsalar da ta fi shafar masu nazarin harshe. Sakamakon awo da Turanci ko Faransanci ake rubuta shi, alhali masu shiga ruwan, watau masunta da manoman lambu da 'yan garuwa da matan gida, da Hausa suke tunani. Kalmar "gurɓata" da ake fassara kowace irin ƙazantar ruwa da ita, asalin ma'anarta tayar da laka ne har ruwa ya yi duhu. Maganin irin wannan gurɓacewa sananne ne: a bar ruwa ya kwanta, ko a jefa alam, ko a tace. Idan aka gaya wa mai lambu cewa ruwansa ya gurɓata, ya duba ya gan shi garai-garai, yana da hujjar ƙin yarda. Haka kuma "tsarki" da "tsabta" da "inganci" ba abu ɗaya suke nufi ba, amma sau da yawa akan cakuɗa su a sanarwar rediyo. Tacewa da ƙyalle ta taimaka wajen kawar da kurkunu, wanda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin kwalara, amma babu ɗayansu da ke cire dalma ko kuromiyom. Sanarwar da ba ta bambanta waɗannan ba tana iya sa mutum ya tafasa dafi ya sha da kwanciyar hankali.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ma'aunin gargajiya na launi da ɗanɗano da ƙanshi ya yi daidai da wani ɓangare na awon kimiyya, musamman abin da ya shafi laka da gishiri da ruɓewa, amma bai kai ga ƙarafa da ƙwayoyin cuta ba. An kuma ga cewa darajar awo tana cikin maimaita shi a wuri guda tsawon shekaru, kamar yadda misalin Tafkin Cadi ya nuna. Aikin da ya rage wa sassan koyar da Hausa shi ne su zauna da masana kimiyyar ruwa, su tattara kalmomin masunta da manoman fadama tun masu su suna raye, su kuma tsayar da kalmomi dabam-dabam ga ruwan da ya yi laka, da wanda ya ɗauki cuta, da wanda ya ɗauki dafi, domin kowannensu da irin maganinsa.